Falkaswar Da Ta Isa Kasuwa

Akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini rai, na ga ya kamata in kawo ta gaban 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu, ko a sami wanda zai ƙara mini haske.

Duk wanda ya bi ta Suleja, daga Kwamba zuwa Kantoma, ko ya kama hanyar Madalla, zai ga bango da turakun lantarki cike da takardun sanarwar taron falkaswa. Wannan na kwana uku, wancan na kwana bakwai, wani kuwa na dukan dare. Da magariba ta yi sai lasifika ta ɗauka ko'ina. Ni Kirista ne, ɗan makarantar Mishan, ban kuwa raina taron addu'a ba, gama a cikinsa na tashi. Amma tambayar da na ke yi wa kaina ita ce, in falkaswa ta yi yawa haka, me ya sa har yanzu mudun kasuwa ba ya cika, lambatu a toshe, yaro kuma ya kai aji shida bai iya karanta wasiƙa ba? A ganina falkaswa ta gaskiya a zuciyar mutum ɗaya ta ke farawa, amma in ana so a auna ta sai a tafi kasuwa, da bakin famfo, da cikin aji.

Bari mu fara da garin kansa, saboda waɗanda suka zo daga nesa. A dā sunan garin nan Abuja. Abu Ja ne ya kafa shi a shekara ta 1828, a cikin ƙasar Gbagyi da Koro, aka kewaye shi da ganuwa. Shi kuwa ɗan'uwan Muhammadu Makau ne, Sarkin Zazzau wanda ya baro Zariya zamanin jihadi, shi ya sa har wa yau Sarkin Zazzau a ke ce wa sarkin garin. A shekara ta 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta yanke shawarar gina sabon babban birnin ƙasa a nan kusa. Sabon birni ya ɗauki sunan Abuja, tsohon gari kuwa ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1979. Mu masu koyon aikin malanta ya kamata mu san shi, domin a Kwalejin Katsina ya yi karatu, ya kuma riƙe alli kafin ya riƙe sandar sarauta.

Tun da gwamnati ta ƙaura daga Ikko zuwa Abuja a watan Disamba na 1991, Suleja ta cika ta batse. Masinja da direba da birkila da ƙaramin akawu, duk wanda kuɗin haya ya fi ƙarfinsa a birni, nan ya ke zuwa ya kama ɗaki. Tun kafin asuba suna tasha, ba su dawowa sai bayan lisha. Ga Hausawa da Gbagyi da Nufawa, ga Yarbawa da Ibo da Tibi, kowa da garin da ya ke kira gida, inda ya ke aika kuɗi, inda kuma ya ke so a binne shi. Ta haka gari ya zama masauki ga mutane da yawa. Mutum kuwa ba ya dasa itace a masauki, ba ya kuma yashe lambatun da ya ke tsammani zai bari baɗi. Suleja tana bukatar hanya da ruwa da asibiti, babu shakka, amma ta fi bukatar mutanen da za su ce garin nan nasu ne, waɗanda za su amsa tambaya a kansa gaban Allah.

A kan wannan rashin sanin juna kuma sai tsoro ya sauko. Ina da shekara 11 a cikin 2011. Ranar 8 ga Afrilu bam ya tashi a ofishin hukumar zaɓe na Suleja, ana gobe zaɓe, ya kashe mutane. A watan Yuli wani ya tashi a wata majami'a cikin gari. Sa'an nan ranar Kirsimeti, 25 ga Disamba, aka tayar da babba a ƙofar majami'ar Katolika ta St. Theresa a Madalla, daidai lokacin da jama'a ke fitowa daga sujada, fiye da mutum 35 suka rasu. Ranar 31 ga watan Shugaba Goodluck Jonathan ya sa dokar ta-ɓaci a waɗansu ƙananan hukumomi na Arewa, har da Suleja. Daga nan aka fara jera duro da buhunan yashi a ƙofar majami'u, ana lalube jakar mata kafin su shiga. Wannan kowa ya gani. Akwai kuwa wani shinge da ba a gani da ido, wanda ya tashi tsakanin ƙofa da ƙofa a cikin unguwa.

Muna da wata maƙwabciya, Hajiya mu ke ce mata. Tun ina ƙarami, in Kirsimeti ta zo ni ke kai musu shinkafa da miya, in Babbar Salla ta zo 'ya'yanta ke kawo mana nama. Bayan abin da ya faru a Madalla sai gaisuwa ta koma ta ɗaga hannu daga nesa, aka hana mu yara shiga gidajen juna, adashin da matan layinmu su ke yi tare ya watse. Mahaifiyata ta san waɗansu daga cikin waɗanda suka rasu, abokan cinikinta ne a kasuwa. Daga baya ta gaya mini cewa a kwanakin nan, in tana Addu'ar Ubangiji ta iso wurin da a ke roƙon gafara, sai harshenta ya yi nauyi, ta kasa wucewa. Wannan ya tsorata ta fiye da bam. Ta nemi mata uku 'yan Zumuntar Mata, suka riƙa haɗuwa a ɗakinta kowace asuba, ba lasifika, ba takardar sanarwa. Abin da su ke roƙo guda ne, watau Allah ya cire musu ɗacin da ke cikin ransu.

Da Ista ta zo ta dafa shinkafa, ta ɗora mini langa a ka, amma wannan karon ba ta aike ni ni kaɗai ba, ta yafa gyalenta ta biyo ni. Hajiya na ganinmu sai hawaye. Ta ce, "'Yar'uwa, wallahi kunya ce ta hana ni shigowa in yi muku jaje, ban san da wane ido zan dube ki ba." Mahaifiyata ta ce, "Hajiya, ai wanda ya yi wannan aiki bai yi shawara da ke ba." Suka zauna a tabarma ɗaya har la'asar. Kafin damina ta faɗi adashi ya dawo, mu yara muka koma ƙwallonmu a layi, in rigima ta tashi a bakin famfo kuwa su biyu a ke kira su raba. Wannan ita ce falkaswa ta fari da na gani da idona. Mutum huɗu suka fara ta a ɗaki ɗaya, layi guda ya ci amfaninta, har da waɗanda ba su san an yi addu'ar ba.

Kada wani ya ɗauka cewa sabuntawar zuciya laya ce mai kare mutum daga masifa. Fada Isaac Achi, wanda ke riƙe da majami'ar Madalla ranar da bam ya tashi, ya tsira a ranar, ya ci gaba da aikinsa a Jihar Neja shekara 11. Ranar 15 ga Janairu, 2023, 'yan bindiga suka sa wa gidan da ya ke ciki wuta a Kafin Koro, ya rasu a ciki. Bangaskiya ba ta hana wuta cinsa ba. Abin da ta yi shi ne ta tsai da shi a bakin aikinsa, cikin mutanensa, bayan ya ga abin da zai sa wani ya tattara kayansa ya gudu. Gari kuwa da irin waɗannan masu tsayawa ya ke rayuwa.

To, wannan abu ba a kanmu aka fara shi ba. A shekara ta 1893 samari uku suka sauka Ikko, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, da nufin kawo bishara cikin ƙasar Sudan. A 1894 Gowans ya rasu a Girku, Kent kuma a Bida, nan cikin jiharmu. Daga aikin da suka soma ne Mishan ta SIM ta kafu, daga gare ta kuma ikkilisiyar ECWA ta fito a 1954. Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa a 1932, aka buɗe makarantu da ɗakunan shan magani, kakanninmu suka koyi karatu. Amma bayan tsara ɗaya sai aka ga sanyi ya fara shiga, mutane sun bar aikin duka a hannun fasto da mai bishara. Domin haka a 1963 wani malamin Mishan, Gerald Swank, tare da shugabannin ikkilisiyoyi dabam dabam, suka kafa shirin nan da a ke kira Sabon Rai Don Kowa, aka soma aikinsa a lardunan Zariya da Filato. Tushensa shi ne kowane mai bi ma'aikaci ne. Aka kafa ƙananan ƙungiyoyin addu'a a cikin gidaje, mutum biyar ko goma, aka koya wa manomi da mai tallar ƙosai yadda za su faɗi bangaskiyarsu da bakinsu.

Yau in an ce Sabon Rai, yawancinmu mawaƙa mu ke tunawa, da kiɗa da anko. Amma kakata, wadda ta ga lokacin da shirin ya iso ƙauyenmu, ba waƙa ta ke fara ambata ba. Cewa ta ke yi, a shekarar nan ne wani dattijo ya tashi da sassafe ya mayar da duwatsun iyakar gona inda su ke tun asali, bayan ya ci kunya uku na ɗan ƙanensa shekara da shekaru. Wani ya kora akuya da 'ya'yanta biyu zuwa gidan mai ita, ya ce uwar ya tsinta bai yi cigiya ba. Mata masu kasa doya suka daina ɓoye ruɓaɓɓiya a ƙarƙashin kashi. Magidantan da kuɗin dawarsu ke ƙarewa a gidan burkutu suka fara biyan kuɗin makaranta. Da rani ya yi aka kira gayya, aka buga tubali, aka gina aji biyu, mahaifina yana cikin waɗanda suka fara zama a ciki.

Jama'a, ku duba yadda abin ya ke aiki, domin ba sihiri ba ne. Dukan abin da talakawa ke yi tare a kan amana ya ke tsaye. Adashi ba ya zagayawa sai in wadda ta kwasa da fari za ta ci gaba da zubi. Mai kanti ba ya ba da bashi sai in ya san za a biya. Gayya ba ta haɗuwa in mutane biyu suna gaba saboda iyakar gona, gama kowannensu yana da dangi da za su ƙi fitowa dominsa. Saboda haka ranar da dattijon nan ya mayar da duwatsu, bai san aji ya ke ginawa ba, amma shi ya sa harsashi. Mutum ɗaya ya tuba ya mayar da hakki, gaba ɗaya ta mutu, amana ta sami wurin tsirowa, sa'an nan aikin da hannu ɗaya ba ya ɗauka ya ɗauku.

Haka aka gani a Afirka ta Gabas. A 1929 wani likita Bature, Joe Church, da wani ma'aikacin gwamnati ɗan Uganda, Simeoni Nsibambi, suka haɗu a Kampala suna nazarin Littafi Mai Tsarki, kowannensu yana neman sabuntawar ransa. Daga wannan, da abin da ya biyo baya a Gahini ta ƙasar Ruwanda, falkaswa ta bazu cikin Uganda da Kenya da Tanganyika. Alamarta kuwa ita ce mutane suna furta laifinsu a fili, suna mayar da kuɗi da kayan da suka ɗauka. Wannan ma ba sabo ba ne. A cikin Bishara ta Luka, sura 19, Zakka mai karɓar haraji a Yariko, da Yesu ya sauka a gidansa, bai nemi a ba shi mumbari ba. Ya yi alkawarin ba matalauta rabin dukiyarsa, wanda ya zalunta kuma ya mayar masa ninki huɗu. Mutanen Yariko a aljihunsu suka ji tuban Zakka.

Na san akwai masu cewa hali zanen dutse ne, ba mai shafe shi. Mu da muka ba da gaskiya ga Almasihu mun yarda cewa wanda ya yi dutsen yana da ikon sāke zanen, mun kuwa ga ya yi. Amma akwai gargaɗi. Ruwandan nan da falkaswa ta tashi a cikinta, ƙasar da yawancin mutanenta Kirista ne, a cikinta aka kashe mutum kamar 800,000 cikin kwana 100 a shekara ta 1994, waɗansu ma a cikin majami'un da suka gudu neman mafaka. Ashe falkaswa ba ta shiga rabon gado. Tuban kakata nata ne, ba zai cika mudun jikarta ba. Kowace tsara sai ta durƙusa da gwiwarta.

Akwai kuma masu cewa, wannan duk wa'azi ne, gyaran gari aikin hukuma ne. Suna da gaskiya rabi. Addu'a ba ta zuba kwalta, ba ta kuma sauke farashin masara. Ranar 18 ga Janairu, 2025, tankar mai ta faɗi a mararrabar Dikko, nan kusa da mu, mutane suka taru suna kwasar fetur, wuta ta tashi, fiye da mutum 80 suka mutu. Ba ni da bakin zargin mamata, gama tun da aka janye tallafin mai a 2023 kowa ya san yadda rayuwa ta yi tsada, yunwa kuwa ba ta jin gargaɗi. Wajibi ne mu tambayi hukuma batun hanya da manyan motoci da abin kashe gobara. Amma su wane ne hukuma? Injiniyan da ke sa hannu a kan hanyar da ba ta kai ba, da ma'aikacin da ke barin mota marar birki ta wuce, ba daga sama suka faɗo ba. Jiya su ma yara ne a kan benci, gaban wani malami irina da irinku, ran Lahadi ko ran Juma'a kuma suna cikin sahu tare da mu.

Nan ne maganar ta zo kanmu, mu malaman gobe. A zangon da ya wuce na yi koyarwar gwaji a wata firamare cikin Suleja, aka ba ni aji huɗu, yara fiye da 70, waɗansu uku a benci, waɗansu a ƙasa. A makarantar akwai wata malama dattijuwa, Mama mu ke ce mata, ta kusa barin aiki. Ban taɓa jin ta yi wa kowa wa'azi ba. Amma ƙarfe bakwai tana bakin ƙofa, ko albashi ya shigo ko bai shigo ba. Kowane littafi sai ta duba shi da jan biro, layi layi. Da jarrabawa ta zo wani uba ya turo mata ambulan, ta mayar masa ta hannun wanda ya kawo, ta ce a gaya masa ya turo yaron ran Asabar ta ƙara masa lissafi kyauta. Iyaye Musulmi da Kirista duk roƙo su ke yi a sa 'ya'yansu a ajinta. Na tambaye ta wata rana, "Mama, ba kya gajiya?" Ta ce, "Ɗana, ina gajiya. Amma kowace safiya kafin in fito sai na tuna cewa rajistar nan za a sāke kiranta wata rana, ni kuma za a tambaya."

Maganar nan ta zauna mini. A lokacin ni da abokaina huɗu muna tashi ƙarfe biyar da rabi muna karanta Littafin Nehemiya, sai na ga abin da mu ke karantawa yana tafiya da ƙafa a gabana. Nehemiya ya tarar da ganuwar Urushalima a rushe, ya fara da azumi da addu'a shi kaɗai, sa'an nan ya raba aiki, waɗansu ma kowa ya gyara sashen da ke daura da gidansa, aka gama cikin kwana 52. A tsakiyar aikin kuma ya tsaya ya sa masu kuɗi suka mayar wa talakawa gonakin da suka karɓe jingina, suka daina cin ruwa a kansu, domin ya san ganuwa ba ta tsare garin da mutanensa ke cin juna. Daga nan na gane cewa sashen ganuwar da ke daura da gidana shi ne yaran nan 70. Sabon raina kuwa, in gaskiya ne, dole a gan shi a cikin littattafansu.

Saboda haka ga abin da na ke roƙon 'yan'uwana Kirista na wannan kwaleji. Kafin mu buga wata takardar taro, kowa ya zauna shi kaɗai gaban Allah ya duba ko akwai hakkin wani a hannunsa, ko littafin laburare, ko bashin mai shayi, ko gaba da wani a ɗakin kwana, ya je ya gyara. Mu kafa ƙananan ƙungiyoyin addu'a, mutum huɗu ko biyar, inda za a iya tambayar juna gaskiya. Mu ɗaure wa kanmu cewa ba za mu saci amsa a nan ba, ba kuwa za mu sayar da maki a can ba. In an ba mu aji, mu tuna cewa ɗan Musulmi da ɗan Kirista duk amana ce iyayensu suka ba mu. Lokacin lissafi na lissafi ne, ba na jan yaro daga addinin gidansu ba, shaidarmu kuwa ita ce yaron ya fita ya iya lissafin. 'Yan'uwanmu Musulmi da ke karanta wannan shafi, na san ku ma a wurinku tuba ba ta cika sai an mayar da hakki ga mai shi. A kan wannan za mu iya yashe lambatu ɗaya, kowa da bangaskiyarsa.

Ganuwar da Abu Ja ya gina ta yi zamaninta, gari ya riga ya wuce ta nesa. Wadda Suleja ke bukata yanzu da mutane za a gina ta, mai awo da ke cika mudu, da malamin da ke zuwa kan lokaci, da maƙwabciyar da ke ɗaukar langa ta ƙetare layi. Iyakar abin da na ke da shi ke nan. Wanda ya ga gyara, fili na nan a fitowa ta gaba. Allah ya falkas da mu, ya fara da zuciyar kowannenmu, ya kuma ba garinmu da ƙasarmu zaman lafiya, amin.